Yadda ake karanta lambar matsalar inji a gyara mota ba da canke ba

Idan fitila mai ruwan ɗorawa, wadda ke da siffar inji, ta kama a tabulo ta ƙi mutuwa bayan mota ta tashi, ƙwaƙwalwar motar ce ta ga wani abu ya fita daga ƙa'ida, kuma ta ajiye lamba a kansa. Aikin lambar shi ne ta nuna maka ɓangaren da za ka bincika. Ba ta ce ka je ka sayi kaza ba. A nan kuɗin masu mota ke zurarewa a garajojin Maradi: a sa na'ura, ta rubuta sunan wata sansa, wato ɗan abin da ke auna wani abu a inji ya kai wa ƙwaƙwalwa labari, a aiki yaro ya sayo sabuwa, bayan kwana biyu fitila ta dawo, alhali waya ce ɓera ya ci, ko tiyo ne rana ta fasa. Tsarin da ke ƙasa an yi shi ne don a gwada kafin a saya.

Kayan aiki

Na farko na'urar karanta lamba. Mai araha ita ce ƴar ƙaramar nan da ake kira ELM327, wadda ake haɗawa da wayar hannu ta Bluetooth, a sa manhaja irin Torque ko Car Scanner. Ta isa karanta lambobin inji da ganin abin da sansoshi ke faɗa. Ba ta cika shiga ɓangaren birki, giya ko jakar iska ba. Wannan sai babbar na'urar bincike, wato balis, irin Launch ko Autel da ake samu a manyan garajoji. Idan wayarka iPhone ce, ka nemi mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana aiki da iPhone, don tsohuwar mai Bluetooth ba ta haɗuwa da ita.

Sai mitar auna wuta, mai nuna bolt da om. Ba ta da tsada, kuma rabin aikin nan da ita ake yi. Ka tanadi sifana mai lamba 8, 10 da 12, da ta buji mai lamba 16, wasu sababbin injuna kuma 14, da sukurudireba dogo, tocila, allura ko fil, kwalbar gilashi mai haske, farar takarda, da gwangwanin feshin wanke kayan lantarki wanda ba ya barin maiƙo. Agogon auna matsin silinda da na matsin mai ba kowa ke da su ba, ana iya ara idan aiki ya kai can. Littafi da biro ma kayan aiki ne.

1. Fara duba yadda fitilar ke ci

Idan ta kama tsaye kuma mota na tafiya daidai, ana iya kai ta gida ko garaji a hankali. Idan tana ƙiftawa, inji na kuskure wuta sosai, ɗanyen isansi na shiga salansa yana ƙona kataliza, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. A rage gudu, a tsaya a wuri mafi kusa. Idan kuma jar fitilar man inji ko ta zafi ce ta kama tare da ita, a kashe mota nan take. Wannan ba ya jiran na'ura.

2. Tambayi mai motar

Yaushe ta kama? Da sassafe inji na sanyi, ko da rana tsaka a kan kwalta? Ina aka sha mai na ƙarshe, gidan mai ko wajen ƴan ruwa-ruwa na bakin hanya? An wanke inji da ruwa mai ƙarfi? An ratsa ruwa da damina? An taɓa wani gyara kwanan nan, ko an canza batir? Motar ta daɗe a ajiye kusa da buhunan hatsi? Amsar waɗannan takan rage rabin hanya. Fitilar da ta kama washegarin wankin inji, ruwa ne a ramin buji ko a soket sai dai in bincike ya nuna akasin haka.

3. Auna batir kafin komai

Ƙwaƙwalwar mota ba ta son raunin wuta. Batir mai rauni yana sa ta zubo lambobi barkatai, biyar ko goma, waɗanda ba su da alaƙa da juna. Sa mita a kan bolt. Mota a kashe, batir mai lafiya yana nuna 12.4 zuwa 12.6. Lokacin da ake tayarwa kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Inji na aiki, ya kamata a ga 13.5 zuwa 14.5, in bai kai ba, alternato ko bel ɗinsa ne, in ya haura 15 yana dafa batir. Girgiza kawunan batir da hannu, ka goge farin garin da ke taruwa a kansu, ka bi baƙar wayar mas har inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin inji. Zafin watan Afrilu da Mayu yana cinye batir da wuri a nan, don haka kada a tsallake wannan matakin ko da batirin bai daɗe ba.

4. Haɗa na'urar

Soket ɗin mai ramuka 16 ne, sama ya fi ƙasa faɗi, galibi a ƙarƙashin sitiyari wajen gwiwar direba. A wasu motocin Peugeot yana cikin akwatin fiyus ko bayan wani ɗan murfi kusa da giya. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka suna da shi tun 1996. Na Turai masu isansi tun 2001, masu gazuwal tun 2004. Yawancin motocin hannu da suka shigo ta Kwatano ko Lome suna cikin waɗannan.

Kashe mota, cusa na'urar har ta zauna, sannan ka buɗe kontak ba tare da ka tayar ba. Idan na'urar ba ta kawo wuta ba sam, auna rami na 16 da na 4: dole a samu wutar batir a nan ko da kontak a rufe. In babu, fiyus ne ya ƙone, sau da yawa wanda ke tare da soket ɗin cajin waya. Idan ta kawo wuta amma ta ƙi magana da motar, ko dai na'urar jabu ce, ko motar an yi ta ne don kasuwar Japan ko ƙasashen Larabawa tana son balis babba.

In babu na'ura, tsofaffin Toyota suna faɗin lambarsu da fitila. A cikin bonet akwai ƙaramin akwatin bincike. Haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, ka buɗe kontak, ka ƙirga ƙiftawar fitilar inji. Ƙiftawa biyu, ɗan hutu, sannan biyar, lamba 25 ke nan. Idan tana ƙiftawa a jere ba hutu, babu lamba. A wasu Toyota masu soket mai ramuka 16 ana yin haka ta haɗa rami na 13 da na 4. Ka ƙirga ramukan da tocila sau biyu kafin ka sa waya, don taɓa na 16 bisa kuskure yana iya ƙona ƙwaƙwalwa.

5. Karanta, ka rubuta, kada ka goge

Babban kuskuren masu koyo shi ne danna gogewa da zarar lamba ta fito. Gogewa tana tafiya da shaidar da ake buƙata. Rubuta kowace lamba yadda ta fito, har da waɗanda ke jiran tabbaci, wato waɗanda ƙwaƙwalwa ta gani sau ɗaya ba ta kunna musu fitila ba tukuna.

Harafin farko yana nuna yanki: P inji da giya, B jikin mota, C birki da ƙafafu, U sadarwa tsakanin ƙwaƙwalen motar. Idan 0 ta biyo baya, kamar P0301, ma'anarta ɗaya ce a kowace mota. Idan 1 ce, kamar P1300, ta kamfanin ce kaɗai, dole a nemi ma'anarta tare da sunan motar da shekararta. Lambar da ke biye, wato ta uku in an ƙirga da harafin, tana ƙara matsewa: 1 da 2 iska da mai, 3 wutar buji, 4 hayaƙi, 5 gudu da silo, wato juyin inji mota a tsaye ba a taka totur ba, 6 ƙwaƙwalwar kanta, 7 giya.

Daga nan ka buɗe shafin da manhajoji ke rubuta wa Freeze Frame. Nan ne motar ta ajiye halin da take ciki a daidai lokacin da lambar ta faɗo: zafin ruwa, juyin inji, gudun mota, nauyin da inji ke ja. Lambar da ta faɗo inji na silo da zafin ruwa 30 dabam take da wadda ta faɗo ana gudun 100 a hanyar Tasawa, ko da lambar iri ɗaya ce. Ɗauki hoton shafin.

Idan lambobi sun yi yawa, fara da na wuta da na sadarwa, sannan na sansoshi, sannan na kuskuren wuta, kataliza a ƙarshe. Galibi ɗaya ce ta haifi sauran.

6. Buɗe bonet ka duba da ido

Minti goma a nan sun fi sa'a guda a kan allo. Bi babban tiyon iska daga akwatin filta zuwa inji, ka lanƙwasa shi ka leƙa cikin ninkinsa, nan yake tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Bi ƙananan tiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ciro filtar iska ka ɗaga ta ga rana: in haske ba ya ratsa ta, ta toshe, in ka ga ƙura a bayanta, ta ɓangaren inji, ta yage ko murfin bai zauna ba. Ƙurar hunturu ba ta raga wa filta, kuma hura ta da iskar kwamfaresa mai ƙarfi yana huda takardar. Duba wayoyin da suka bi kusa da salansa, da inda aka taɓa yin haɗi aka naɗe da salatif. Ciro soket ɗin sansar da lambar ta ambata ka leƙa: kore-kore, ruwa, ko fil da ya lanƙwashe.

7. Gwaji bisa lambar da ta fito

P0300 zuwa P0304, kuskuren wuta. Wannan ita ce aka fi gani. Lambar ƙarshe ita ce silindar: P0302 silinda ta biyu, a yawancin motoci ana ƙirgawa daga ɓangaren bel. P0300 kuwa kuskuren yana yawo ne, ba silinda ɗaya ba.

Hanya mafi araha ita ce musaya. A ce P0302 ce. Bari inji ya huce. Cire bobin ta biyu, wato abin da ke zaune a kan buji yana ba shi wuta, da sifana 10, ka leƙa ramin. In akwai man inji kwance, gaskit ɗin murfin sama ne ke yoyo, kuma shi ke kashe bobin. In ba a canza shi ba sabuwar ma za ta bi. Hure yashin da ke ramin kafin ka kwance buji, in ba haka ba cikin silinda zai zuba. Yanzu mayar da bobin ta biyu zuwa silinda ta uku, bujin ta biyu kuma zuwa ta huɗu. Tunda ka riga ka rubuta komai, goge lambar, tayar, ka ɗan zaga. In ta dawo P0303, bobin ce. In P0304 ce, buji ne. In ta tsaya a P0302, ba ɗayansu ba ne, sai a juya ga injekta, waya, ko matsin silinda.

Bujin da ka ciro yana da labari. Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka lafiya ne. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, inji na shan man inji. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Wanda ya fito tsaf kamar an wanke shi alhali sauran da datti, ruwan radiyato ke shiga silindar. Tazarar bakin buji a yawancin Toyota masu isansi milimita 1.0 zuwa 1.1 ce. Mai siririn baki na iridiyom ba a kankare shi da buroshin ƙarfe, ba a matsa shi da ƙarfi. Wajen mayarwa, fara ɗaurawa da hannu har ya zauna kafin a sa sifana, don kan injin alminiyom ne, zarensa ba ya jure tilas. Jabun buji masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun cika kasuwa. Wanda kuɗinsa ya yi arha fiye da kima, a bar shi.

Injekta kuma, ɗora bakin dogon sukurudireba a jikinta, ka sa kunne a ƙotar, inji na aiki. Mai lafiya tana ƙas-ƙas-ƙas a jere. Kashe mota, cire soket, auna om: irin na yau da kullum suna nuna 12 zuwa 16, amma abin lura shi ne duka huɗun su yi kusa da juna. Mai ƙara na iya kasancewa a toshe, don haka in ana shakka a musanya ta da ta wata silinda, a sa sababbin zobban roba, a duba yoyo kafin a tayar.

In duk wannan lafiya, auna matsi. Inji da ɗumi, a cire buji duka, a zare fiyus ɗin famfon mai, a take totur har ƙasa, a juya inji daƙiƙa biyar. A Corolla mai inji 1ZZ ana son wajen bar 13, kada ya gaza 10, kuma bambanci tsakanin silindu kada ya wuce bar 1. Silindar da ta yi ƙasa, zuba mata ƙaramin cokali na man inji ka sake aunawa. In ya ɗaga, zobban fistin ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit ɗin kai. Biyu maƙwabta sun faɗi tare, gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu.

P0300 da ta zo bayan shan mai, a fara zargin man. Ɗebi kaɗan a kwalbar gilashi ka ajiye minti goma: ruwa yana kwanciya a ƙasa da layi a fili. Ɗiga kaɗan a farar takarda: isansi zalla yana bushewa ba tabo, wanda aka gauraya da kananzir ko gazuwal yana barin maiƙo. In haka ne a juye tanki, a canza filtar mai. Ba maganin da ake zubawa a tanki da zai gyara wannan.

P0171, iska ta fi mai yawa. P0172 kishiyarta ce. Kada a taɓa sansar salansa, wadda ke auna iskar da ta rage a hayaƙi, tukuna. Sau da yawa gaskiya take faɗa. Buɗe shafin bayanai kai tsaye, inji ya yi zafi, ka nemo STFT da LTFT. Su ne ke nuna kashi nawa cikin ɗari ƙwaƙwalwa ke ƙara mai ko ragewa. Haɗa su biyun. Tsakanin ragin 10 da ƙarin 10 ba laifi. In ka ga ƙarin 20 ko 25 a silo, sai ka take totur zuwa juyi 2,500 ka riƙe. In adadin ya sauko kusa da sifili, iska ce ke satar hanya ta wani tsagi bayan sansar iska. In ya tsaya ko ya ƙaru, mai ne ba ya isa, ko sansar iska ta yi datti tana ƙirga ƙasa da abin da ke shiga. Wannan gwajin na minti biyu ya raba matsalar gida biyu.

Don gano tsagin, sa guntun tiyo a kunne ka bi da ɗaya bakin kana neman shuuu. Ko ka fesa ruwa kaɗan-kaɗan a mahaɗar manifol da tiyoyi; inda inji ya canza murya, nan ne. Wasu na fesa isansi ko feshin kafireto, yana nunawa da sauri, amma tartsatsi ɗaya daga bobin ya isa ya tada gobara, don haka ruwa ya fi. A injin 1ZZ gaskit ɗin manifol ɗin iska sananne ne da yoyo idan ya tsufa, musamman da sanyin safiya. A duba tiyon da ke zuwa tukunyar birki, da kuma tsagi a salansa gaban sansa, shi ma yana sa ta ga iska ta ƙarya.

Sansar iska tana kan tiyo bayan akwatin filta. A injin lita 1.8 mai zafi, a silo, tana nuna wajen giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kuma ta haura nan take in an taka totur. Kwance ta, fesa mata feshin lantarki daga ɗan nesa a kan siraran wayoyin da ke ciki, ka bar ta ta bushe minti 15. Ba a sa mata auduga, ba a wanke ta da isansi, ba a hura mata iska.

In ba ita ba ce, auna matsin mai. Toyota masu injekta na yau da kullum suna son bar 3 zuwa 3.5. In ya yi ƙasa, fara da filta da ragar famfo kafin famfon kansa. Al'adar zuba lita ɗaya ko biyu a yi ta yawo tanki a ƙasa ita ke kashe famfo, don man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

A injin V6, mai ɓangarori biyu, za ka iya ganin P0171 ta ɓangare na ɗaya da P0174 ta ɓangare na biyu tare. Ɓangare na ɗaya shi ne wanda silinda ta ɗaya take. In duka biyun sun yi kuka, abin da suka haɗa a kai za a nema: sansar iska, famfo, babban tiyo.

P0115 zuwa P0118, da P0128, zafin ruwa. Da safe kafin a tayar, zafin ruwa da zafin iska a allo su yi kusa da juna, kuma kusa da yanayin gari. In ka ga 40 ƙasa da sifili a Maradi, waya ce ta katse ko soket ya fita. Sansar kanta tana nuna om 2,000 zuwa 3,000 a zafi 20, ta sauko wajen 300 a zafi 80. P0128 kuwa tana cewa inji ba ya kai zafin aikinsa, kuma dalilin a nan sananne ne: an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, an haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai 85 zuwa 95 ƙwaƙwalwa tana ɗaukarsa mai sanyi, ta yi ta ƙara masa mai. Sakamakon shi ne shan isansi, baƙin buji, da man inji da ke tsinkewa. A mayar da tamostat, a wanke radiyato, a gyara fanka ta koma tashi da kanta. Kada a buɗe murfin radiyato inji da zafi.

P0130 zuwa P0141, sansar salansa. Ta ɗaya tana gaban kataliza, ta biyu a bayanta, kuma mutane na yawan canza wadda ba ita ba. P0135 da P0141 na hitar da ke cikin sansar ne: duba fiyus, ka auna wayoyi biyu masu launi ɗaya, in mita ba ta nuna haɗi ba, hitar ta ƙone, a nan kam sai sabuwa. Tsohuwar irin sansar gaba tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 idan inji ya yi zafi. Sababbin Toyota suna da wata irin da ba ta lilo haka, kada a yanke mata hukunci da wannan ma'auni.

P0420, kataliza. Dubi sansa ta biyu inji da zafi a juyi 2,500. Kataliza mai aiki tana sa ta zauna kusan wuri ɗaya, wajen 0.6 zuwa 0.8. In tana hawa da sauka da sauri, katalizar ta mutu ko babu ita, don motocin hannu da yawa an fasa an kwashe cikinta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Sabuwar sansa ba ta gyara wannan. Wadda ta toshe kuma tana sa mota ta ƙi ja da kaya ko a hawa. Kafin a sa wata, a gyara abin da ya kashe ta farko, wato kuskuren wuta ko shan man inji.

P0335 da P0340, sansar juyin inji. Mota na juyawa ta ƙi tashi, ko ta mutu in ta yi zafi ta tashi bayan ta huce. Dubi juyin inji a allo ana tayarwa: ya kamata a ga 150 zuwa 300. In sifili ne, saƙo ba ya isa ƙwaƙwalwa.

Ga kowace sansa mai waya uku gwajin ɗaya ne. Kontak a buɗe, soket a haɗe, zura allura ta bayan soket ɗin ba tare da huda rigar waya ba. Ɗaya ta ba da bolt 5, wasu 12, ɗaya mas, ɗaya saƙo. In wuta ko mas babu, sansar ba ta da laifi. Girgiza dam ɗin wayoyin kana kallon mita. In adadi ya yi tsalle, karayar tana nan. Kada a gwada wayoyin ƙwaƙwalwa da ƙwan fitila ko a karta su a jikin ƙarfe don ganin tartsatsi.

P0440, P0455 da P0457 tururin tanki ne. Duba murfin tanki da robarsa. Wanda ya toshe bakin tanki da tsumma ko leda ya riga ya san amsa.

Masu gazuwal irin Hilux na zamani: P0087 matsin mai ya yi ƙasa, a fara da filta a kuma zubar da ruwan da ya taru a ƙasanta. P0401 bawul ɗin mayar da hayaƙi ya cika da baƙin gawayi, wanki yake so. P0299 iskar turbo ba ta isa, a nemi tiyon da ya fashe, galibi inda ka ga jiƙar mai. Matsin mai a waɗannan injuna ya haura bar 1,000, yana huda fata. Ba a sassauta bututun injekta inji na aiki, kamar yadda ake yi wa tsofaffin manyan motoci.

8. Gyara abu ɗaya, goge, ka gwada

Canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya canza buji, bobin da sansa rana ɗaya bai san wanne ya yi aiki ba, kuma ya jefar da biyu masu kyau. In za a sayi kaya, a tafi da tsohon a gwada lambar da ke jikinsa. Kama a ido ba ta isa ba. Na hannu na asali sau da yawa ya fi sabo marar suna, musamman sansar iska da bobin.

Goge lamba da na'ura, kontak a buɗe inji a kashe. Cire kan batir ma yana kashe fitila a wasu motoci, amma yana share abin da ƙwaƙwalwa ta koya, silo ya rikice na ɗan lokaci, wani rediyon kuma ya kulle. Daga nan fita gwaji na minti 20 zuwa 30: cikin gari da tsaye-tsaye, sannan kwalta, misali hanyar Tibiri, a gudu ɗaya na 70 zuwa 90, sannan a saki totur mota ta rage da kanta. Yi ƙoƙarin maimaita halin da ka gani a hoton da ka ɗauka a mataki na 5. Dawo ka sake karantawa, har da masu jiran tabbaci. Lambobi da yawa sai sun ga matsala a tafiya biyu a jere kafin su kunna fitila, don haka rashin fitila a ranar farko bai tabbatar da gyara ba. A sake sa na'ura bayan kwana biyu ko uku. In P0171 ce aka gyara, haɗin STFT da LTFT ya dawo ƙasa da 10. Ko ba a goge ba, fitila tana mutuwa da kanta bayan tafiya uku a jere ba matsala.

Cire ƴar na'urar idan an gama, don rami na 16 yana da wuta dare da rana, tana iya shanye batirin motar da ke ajiye.

Mai sayen motar hannu ma na iya amfani da wannan. Buɗe kontak kawai: dole fitilar inji ta kama, ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an liƙe shi. Sannan a duba shafin gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta. In yawancinsu suna nuna ba a kammala ba, an goge lambobi ko an cire batir ba da daɗewa ba, sai a nemi a yi tafiyar rabin sa'a da motar a sake karantawa kafin a yi maganar kuɗi.